Gicciyen Dutse a Ƙauyukan Ingila na Zamanin Da: Matsayinsa a Zaman Jama'a

Gabatarwa

Matafiyin da ya ratsa ƙauyukan Ingila, musamman na yamma da na tsakiyar ƙasar, ba zai daɗe ba zai lura da wani irin gini da ke tsaye a mararrabar hanyoyi, ko a dandalin ƙauye, ko kuwa a farfajiyar coci. Matakala ce ta dutse, hawa uku ko huɗu, kowane hawa bai kai na ƙarƙashinsa faɗi ba. A bisanta akwai ƙaton dutse da aka fafe cikinsa kamar turmi, a cikin turmin kuma an kafa ginshiƙi. Sau da yawa ginshiƙin guntu ne, an karya shi daga sama. Wani lokaci ma babu shi sam, turmin kaɗai ya rage, ruwan sama na taruwa a ciki. Mutanen wurin suna kiran abin gicciye, ko da yake mai dubawa ba zai ga wata alamar gicciye a jikinsa ba.

Hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila ta ƙiyasta cewa irin waɗannan gine-gine sun haura 12,000 a da, galibinsu an kafa su tsakanin tsakiyar ƙarni na 10 da tsakiyar ƙarni na 16 na Miladiyya. Waɗanda suka rage, da masu kai da marasa kai, ba su kai 2,000 ba.

Dalilin da ya sa ya kamata mai nazarin tarihi ya kula da waɗannan duwatsu shi ne, manomin Ingila na wancan zamani bai bar littafi ba. Yawancin abin da aka sani game da shi daga alƙalamin waɗanda suka mulke shi ya fito, watau marubutan haraji da alƙalai da limaman coci. Amma gicciyen ƙauye abu ne da manomin da kansa ya taka matakalarsa, ya sauke gawar mahaifinsa a gindinsa, ya kasa ƙwai a inuwarsa, ya kuma ji shelar sarki daga kansa. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa aikin gicciyen ya zarce na ibada. Wurin shaida ne: abin da aka yi a gindinsa, ciniki ne ko rantsuwa ko hukunci, an ɗauka an yi shi gaban Allah da gaban jama'a. Wannan ne kuwa ya sa, sa'ad da masu gyaran addini suka sare kawunan, matakalar ta tsira a wurare da dama.

Asalin Al'adar

Addinin Kirista ya shiga cikin ƙabilun Angal da Sakson, kakannin Ingilishi, ta hanya biyu: daga Rum ta hannun Agustin, wanda ya sauka a Kent a shekarar 597, da kuma daga Ailan ta tsibirin Iona zuwa arewacin ƙasar. Shekaru masu yawa bayan haka coci kaɗan ne a ƙasar, suna kuma nesa da juna. Limamai suna zaune a manyan gidajen ibada, daga nan suke fita rangadi zuwa ƙauyuka, su yi wa'azi, su yi wa jarirai baftisma, su komo.

Akwai shaida biyu rubutattu da suka haskaka wannan zamani. Ta farko daga Bede ce, ɗan zuhudun Jarrow, wanda ya gama rubuta tarihin cocin Ingila a 731. Ya ba da labari cewa Sarki Oswald na Northumbria, kafin ya gwabza yaƙi a wajen shekarar 634, ya sa aka kafa gicciyen itace a filin daga, ya riƙe shi da hannunsa har aka cike ramin, sa'an nan shi da rundunarsa suka durƙusa. Bede ya ƙara da cewa har zamaninsa mutane suna ɓantarar itacen su jiƙa a ruwa, su shayar da marasa lafiya, mutum ko dabba. Ta biyu daga wata 'yar zuhudu ce, Huneberc, 'yar Ingila mazauniyar Jamus, wadda a wajen 778 ta rubuta tarihin Willibald, bishop na Eichstätt. Ta ce sa'ad da yake ɗan shekara uku ya yi ciwo har aka fid da rai, iyayensa suka ɗauke shi suka kai gindin gicciye suka yi bakance. Ta bayyana cewa al'adar Sakson ce a gandun manyan mutane a kafa dogon gicciye maimakon coci, don masu zuwa addu'a kullum.

Daga ƙarni na 8 aka fara sassaƙa su da dutse, wasu da gwaninta mai ban mamaki. Na Bewcastle, a arewa kusa da iyakar Sukotlan, ya kusa ƙafa 15 ko da yake kansa ya ɓace, a jikinsa kuma akwai rassan inabi da tsuntsaye da rubutu da agogon rana. Na Gosforth, na ƙarni na 10, an yi shi ne bayan mutanen Sikandinabiya sun zauna a yankin, shi ya sa ya haɗa labarun gumakansu na da da surar Almasihu a kan dutse guda.

A nan akwai wurin taka-tsantsan. A ƙauyuka da yawa ana faɗin cewa gicciyen garin ya girmi cocin, wai a gindinsa masu wa'azin farko suka tsaya. Wannan yana yiwuwa a 'yan wurare. Amma galibin waɗanda suka rage a dandali da farfajiyar coci aikin ƙarni na 14 ne da na 15, lokacin da cocin ƙauyen ya riga ya shekara ɗari biyu ko fiye. Ashe ba rashin coci ya sa aka gina su ba. Suna da aikin da cocin ba ya yi.

Sifarsu da Masu Gina Su

Tun daga ƙarni na 13 sifar ta daidaita. Akan yi matakala mai kusurwa huɗu ko takwas ko mai da'ira, a ɗora dutsen turmi, a kafa ginshiƙi, a zuba narkakkiyar darma a ramin don ya kafu. Kan kuwa iri biyu ne. Wani gicciye ne kawai mai hannu biyu. Wani kamar fitila yake, da alkuki a kowane gefe: a ɗaya an sassaƙa Almasihu bisa gicciye, bisa ga aƙidar Kirista, a ɗaya Maryamu da jariri, a sauran kuma waliyyai ko surar wanda ya biya kuɗin aikin.

Inda dutse ke da yawa, kamar Somerset da Gloucestershire da Cornwall, nan suka fi yawa yau. A gabas, wajen Norfolk da Suffolk, babu dutsen gini mai kyau, sai an ɗauko shi cikin jirgin ruwa daga mahaƙa irin ta Barnack, saboda haka da yawa na itace aka yi, itace kuwa ba ya jure ɗaruruwan shekaru a waje. Wanda ya dubi taswirar waɗanda suka rage kada ya zaci ita ce taswirar waɗanda aka gina.

Masu biyan kuɗin sun haɗa da iyayen ƙasa da bishop-bishop da gidajen 'yan zuhudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, har da attajiran ƙauye ta hanyar wasiyya. William Jacob, mai sana'ar ulu a Lavenham, ya bar kuɗin da aka gina na kasuwar garin a wajen 1501. Abin da ke tunzura su shi ne imanin Kiristan Yamma na lokacin cewa akwai wani matsayi tsakanin mutuwa da Aljanna inda ake tsarkake rai da wahala, addu'ar rayayyu kuma tana rage wa mamaci kwanakinsa a can. Wanda ya kafa gicciye a bakin hanya ya ajiye abin da zai riƙa jawo masa addu'ar masu wucewa, tamkar sadaka mai gudana.

Gicciye da Shekarar Ibada

A shekarar 1229 William na Blois, bishop na Worcester, ya umarta cewa a kowace farfajiyar coci ta ƙasarsa a sami gicciye mai kyau wanda za a riƙa zuwa gare shi ran Lahadin Dabino, watau Lahadin da ke gabanin Ista. A wannan rana jama'a duka sukan fito daga coci a jere, suna riƙe da rassan itatuwan ƙasarsu, tun da dabino ba ya fita a Ingila, su tsaya a gindin gicciyen da aka ƙawata da ganye, a yi karatu daga Linjila, sa'an nan su koma ciki. Har wa yau gicciyen farfajiya shi ne alamar kabarin kowa da kowa, domin kafin ƙarni na 17 da wuya talaka ya sami dutsen kabari nasa na kansa.

Bikin da ya fi shafar manomi shi ne na kwana uku, Litinin zuwa Laraba, kafin Alhamis ɗin da Kirista ke tuna hawan Almasihu sama, kwana 40 bayan Ista. Yakan faɗo tsakanin ƙarshen Afrilu da farkon Yuni, sa'ad da shuka ta fito tana kore. Liman da jama'a sukan fita da tutoci da ƙararrawa su kewaye gonakin ƙauye. A kowane gicciye na bakin gona ko na iyaka sai a tsaya, a karanta Linjila, a roƙi albarkar amfanin gona da tsari daga annoba. A wasu wurare akan raba burodi da giya a wurin tsayawa, daga kuɗin da wani ya bari a wasiyyarsa. Mutane sun gaskata cewa zagayen yana korar miyagun iskoki daga gonaki, har an ruwaito cewa in jerin ƙauyuka biyu suka yi kiciɓis a iyaka, wani lokaci sai faɗa ya kaure, kowane ɓangare na zargin ɗayan da koro musu iskokinsa.

Bayan ibada, zagayen yana da amfani na duniya. A zamanin da babu taswira, ta haka ne yara suke koyon iyakar ƙasarsu daga bakin dattawa. Iyaka kuwa magana ce ta dukiya, domin ita ke nuna cocin da za a kai wa ushirin gona, da inda dabbobin ƙauye ke da ikon kiwo. In gardama ta tashi, akan kira tsofaffi su faɗi inda suka saba tsayawa tun suna yara.

Hanyar Gawa da Hanyar Matafiyi

Ba kowane ƙauye ke da izinin binne matattu ba. A yankuna masu faɗi akan ɗauki gawa a kafaɗa mil da yawa zuwa uwar coci. A wasiyyarsa ta 1447, Reginald Mertherderwa, limamin Creed a Cornwall, ya umarta a kafa sababbin gicciye na dutse a hanyar da ta nufi cocin Camborne, a wuraren da ake sauke makara, don a yi wa mamaci addu'a, masu ɗauka kuma su huta. Da wuya a sami shaidar da ta fi wannan nuna yadda lada da buƙatar jiki suka haɗu a dutse guda.

Abin da limamin nan ya yi wa talakawan Cornwall, shi Sarki Edward na Ɗaya ya riga ya yi wa matarsa da ƙarfin sarauta. Sarauniya Eleanor, 'yar Kastil, ta rasu a Harby ran 28 ga Nuwamba, 1290. Aka ɗauki gawarta daga Lincoln zuwa Westminster, a kowane zango da aka kwana kuma sarki ya sa aka gina gicciye, guda 12 ke nan. Uku suka rage: na Geddington, da na Hardingstone kusa da Northampton, da na Waltham. Na Geddington, mai kusurwa uku, ya haura ƙafa 40, yana tsaye a tsakiyar ƙauye kusa da idon ruwa inda mutanen garin suka daɗe suna ɗiba. Daga wurin da na ƙarshe ya tsaya, watau Charing, ake auna nisan garuruwa daga Landan.

A tuddan Dartmoor da na arewacin Yorkshire, inda babu itace balle gida, hazo kuma kan rufe mutum da rana tsaka, gicciye shi ne ja-gora. An jera su a hanyoyin da suka haɗa gidajen 'yan zuhudu da ƙauyuka. Ɗaya daga cikinsu, na Siward a Dartmoor, an ambace shi a takardar zagayen iyaka ta 1240, a gefensa ɗaya kuma an rubuta sunan Buckland, don nuna inda ƙasar wannan gidan zuhudu ta tsaya.

Akwai kuma gicciyen hurumi. Wanda ya yi laifi ya gudu coci, doka ta ba shi kwana 40 ba mai taɓa shi. In ya amsa laifinsa ya yi rantsuwar barin ƙasa, sai a ba shi gicciyen itace a hannu, ya bi babbar hanya zuwa tashar jirgin ruwan da aka faɗa masa, ba ratse. Manyan coci kamar na Beverley da Ripon huruminsu ya kai kimanin mil guda ta kowace fuska, an kuma kafa gicciye a bakin hanyoyi don mai gudu da mai bin sa su san inda ikon takobi ya ƙare. An soke wannan haƙƙi a 1624.

Kasuwa, Shela da Hukunci

Tun kafin zuwan Norman a 1066, dokar Ingila ta nace a kan ciniki gaban shaidu. Dokar Sarki Cnut, wanda ya yi mulki daga 1016 zuwa 1035, ta hana a sayi abin da ya haura kwabo huɗu na azurfa sai da shaidu huɗu amintattu, a birni ne ko a ƙauye. Dalili shi ne satar dabbobi ta yi yawa, wanda aka kama da saniyar wani kuma dole ya kawo waɗanda suka ga ya saya. Haka nan kotunan gunduma, masu zama kowane mako huɗu, a fili suke taruwa, a gindin itace ko tudu ko gicciye. Shi ya sa sunayen gundumomi irin su Staincross da Osgoldcross a Yorkshire, da Normancross, da Brothercross a Norfolk, duk suka ƙare da kalmar gicciye ta harshensu.

A ƙarni na 13 kasuwanni suka yawaita. Iyayen ƙasa suka riƙa sayen takardar izini daga sarki don su kafa kasuwar mako a ƙauyukansu su karɓi kuɗin shiga. Littafin shari'a da ake danganta wa alƙali Bracton, wanda ya rasu a 1268, ya ce sabuwar kasuwa tana cutar da tsohuwa in tsakaninsu bai kai mil shida da sulusi biyu ba. Lissafin shi ne, tafiyar yini mil 20 ce, a raba uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na ciniki, ɗaya na komowa kafin dare. A tsakiyar irin wannan kasuwa gicciye ke tsayawa. Yana tuna wa mai saye da mai sayarwa tsoron Allah, yana kuma nuna inda ciniki halattacce yake, domin tarar kaya a hanya kafin su iso kasuwa laifi ne da ake tara a kansa. Matan ƙauye sukan kasa man shanu da cuku da ƙwai da kaji a kan matakalar, har wasu gicciye suka sami suna daga kayan da ake sayarwa a gindinsu, kamar na man shanu a Winchester da na kaji a Salisbury.

Daga baya aka fara yi wa wasu rumfar dutse. John Leland, wanda ya zaga ƙasar a zamanin Henry na Takwas, ya rubuta cewa an gina na Malmesbury, na wajen 1490, don talakawan kasuwa su fake in ruwa ya sauko. Bishop Edward Story ya ba birnin Chichester nasa a 1501, da sharaɗin talakawa su sayar da kayansu a ƙarƙashinsa ba tare da biyan kuɗin kasuwa ba. Ƙauyuka ma sun yi koyi, kamar Cheddar da Castle Combe.

Daga kan matakalar nan ake karanta shelar sarki, a sanar da sabuwar doka da hawan sabon sarki. Bayan babbar annoba ta 1348 zuwa 1349, wadda ta kashe sulusin mutanen ƙasar ko fiye, 'yan ƙodago suka yi ƙaranci, lada ya hau. Dokar 1351 ta ƙayyade lada, ta ce ma'aikata su fito da kayan aikinsu a ɗauke su a bainar jama'a, ba a ɓoye ba, ta kuma umarta a yi turu a kowane gari don masu taurin kai. Wurin da ya dace da turu shi ne inda kowa zai gani, saboda haka a ƙauyuka irin su Bottesford da Ripley turu yana nan kusa da gicciye, ko da yake katakon da ake gani yanzu na baya-baya ne. A Irthlingborough kuwa an ruwaito cewa da tsawon ginshiƙin gicciye ake daidaita sandar awon da ake raba fadamar ciyawa da ita. Ma'auni da hukunci da ciniki da shela, duk sun taru a wuri guda saboda dalili guda, watau a yi abu inda ba mai iya musu daga baya.

Zamanin Rushewa

Henry na Takwas ya raba cocin Ingila da Paparoma a 1534, ya rushe gidajen 'yan zuhudu tsakanin 1536 da 1540. A zamanin ɗansa Edward na Shida aka hana jerin gwano na ibada a 1547, aka umarta a fid da surori daga coci a 1548. Masu sabuwar aƙida suna ganin addu'a don matattu bidi'a ce, durƙusa gaban dutse sassaƙaƙƙe kuma bautar gumaka. Da haka aka cire wa gicciye manyan dalilansa biyu na addini. Sarauniya Mary ta maido da tsohuwar hanya daga 1553 zuwa 1558, amma abin bai ɗore ba. Abin lura shi ne, umarnin Sarauniya Elizabeth na 1559 ya bar zagayen iyaka na shekara-shekara, aka dai tuɓe masa tutoci da sauran adon da. Hukuma ta ga za a iya rabuwa da bikin, amma ba za a iya rabuwa da sanin iyaka ba.

Masu tsananin ra'ayi, waɗanda ake kira Furitan, ba su gamsu ba. A Banbury suka rushe gicciyen garin a 1600. Na Sandbach guda biyu, aikin ƙarni na 9, an farfasa su a ƙarni na 17, aka watsa gutsattsarin a gidaje da lambuna, sai a 1816 aka tattaro su aka sake kafawa. Sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa a 1642, sai rushewar ta zama doka. A watan Mayu na 1643 aka ka da na Cheapside a Landan gaban taron jama'a. A watan Agusta na shekarar Majalisa ta umarta a kawar da gicciye da surori daga coci da farfajiyarsu da kowane fili. William Dowsing ya bi ƙauyukan Cambridgeshire da Suffolk a 1643 da 1644 yana zartar da umarnin, yana rubuta abin da ya fasa a kowane wuri. Na Charing ya faɗi a 1647.

Ba kowa ya yarda da wannan aiki ba. A Ampney Crucis, a Gloucestershire, wani ya cire kan gicciyen farfajiya ya ɓoye shi cikin bangon coci, aka toshe. A can ya zauna har tsakiyar ƙarni na 19, sa'ad da aka gano shi da surorinsa, aka mai da shi bisa ginshiƙinsa.

Abin da ya fi yawa dai shi ne a sare kai a bar gindi. Surar ce abin ƙi ga masu rushewa, matakalar kuwa ba ta saɓa wa aƙidar kowa ba, ƙauye ma bai daina buƙatarta ba. Gwamnatin Furitan da kanta ta tabbatar da haka, domin dokarta ta 1653 ta yarda a yi shelar aure a kasuwa, ranar kasuwa uku a jere, maimakon a coci. A garuruwa da yawa wurin shelar shi ne gindin gicciyen da aka sare.

Bayan Rushewa

A ƙarni na 17 da na 18 aka ɗora wa guntayen ginshiƙai sababbin kawuna: agogon rana, ko dunƙulen dutse, ko fitila, ko allon nuna hanya. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis, ya sha yin wa'azi daga matakalar gicciyen kasuwar Epworth, garin haihuwarsa. A wannan zamani kuma wata sabuwar ɓarna ta zo wadda ba ruwanta da addini. Faɗaɗa hanyoyi don keken doki, da shinge gonakin gamayya, sun kawar da duwatsu masu yawa. A Cornwall an tarar da wasu an mai da su dogaran ƙofar gona, wasu gadar rafi, wasu dokin ƙofa. Duk da haka jama'a ba su yi shiru ko'ina ba. A 1770 hukumar gyaran titunan Winchester ta sayar da gicciyen birnin ga wani mai dukiya, amma da ma'aikatansa suka zo ɗauka mutanen gari suka taru suka kore su, gicciyen kuwa yana nan inda yake.

A zamanin Sarauniya Victoria masana suka fara bin lardi-lardi suna auna su suna zana su, kamar Charles Pooley a Gloucestershire da Somerset, da Arthur Langdon a Cornwall. Aka gyara da yawa, wani lokaci gyaran ya wuce kima, har sabon dutse ya fi tsohon yawa. Bayan yaƙin 1914 zuwa 1918, da ƙauyuka suka so abin tunawa da 'ya'yansu da suka mutu, dubbai suka zaɓi tsohuwar sifar nan, matakala da turmi da ginshiƙi da kai, a dandali ko a farfajiyar coci. A wasu wurare ma a kan tsohuwar matakalar aka kafa sabon ginshiƙi aka rubuta sunayen.

Kammalawa

Malamin da zai koyar da wannan babi zai amfana in ya sa ɗalibansa su yi wa kowane dutse tambaya uku. Ta farko, shin nan aka kafa shi tun asali, ko an kawo shi daga wani wuri? Ta biyu, wane sashe ne tsoho, wane ne gyara, tun da sau da yawa matakala ta ƙarni na 14 ce, ginshiƙi na 17, kai kuma na 19? Ta uku, labarin da mutanen garin ke bayarwa yana da takardar da ta goyi bayansa, ko kuwa gado ne na baka da ya taso daga baya? Waɗannan tambayoyi sun dace da duk wani kufai ko ganuwa ko kushewa da mai tarihi zai nazarta, a kowace ƙasa.

In aka bi wannan hanya, abin da duwatsun ke nunawa a fili yake. Ƙauyen Ingila na zamanin da al'umma ce da rubutu ya yi mata ƙaranci, saboda haka ta dogara ga idon jama'a da tunawar dattawa wajen tabbatar da iyaka da ciniki da hukunci. Ta keɓe wa wannan aiki wuri, ta sa masa alama mafi tsarki da ta sani. Sa'ad da aƙida ta sāke a ƙarni na 16 da na 17 aka fasa alamar, amma aka ci gaba da kasa man shanu da karanta shela a kan matakalar, har zuwa lokacin da takarda da taswira da ɗakin shari'a suka karɓi aikin.